Igiyar abin kunnenka: abin da na gano a Liyon ta Faransa

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa. Ka gaida Inna, ka ce mata man shafawar ƙafar yana cikin kayan da zan aiko. Na ji saƙon muryarka na daren Alhamis, da kukan da kake yi da igiyar abin kunnen jin sautin da kake aiki da shi wurin kiɗan biki: ta sandare, ta yi kore, tana jan kunne, kuma na hagu sai ka murɗa ta yake kawo sauti. Ka ce in samo maka siririya marar nauyi. Na yi yawon nema, kuma na ga gara in rubuta a fili, don a Damagaram, daga Birni zuwa Zango, ba kai kaɗai ke fama da wannan ba.

Da farko na ɗauka zan shiga kanti in zaɓa, yadda mutum zai shiga Kasuwar Dole ya ce a fiddo masa kala biyar ya gwada. Ina! Kantunan kayan kiɗa na nan tsaf suke, amma igiyar da na tarar ta manyan kamfanoni ce kawai, a rataye cikin leda a like. Ba a buɗe maka, ba a ciniki, kuɗin da ke jiki shi ne kuɗin. Sauran duk sai ta intanet, ka sayi abin da hannunka bai taɓa ba.

Nan na fara cin karo. Ashe igiya ba siriranta ake fara dubawa ba, kanta ake dubawa, wato wurin da take haɗuwa da abin kunnen. Akwai MMCX, ɗan zagayayye mai ruwan zinariya da ake dannawa ya ce ƙas, yana juyawa ko'ina, irin na abin kunnen SE215 na kamfanin Shure. Daɗin sawa gare shi, sai dai in ƙura da gumi suka shige shi, ko aka yawaita cirewa, sautin yakan riƙa yankewa, kuma ka san hunturun Damagaram. Akwai mai haƙora biyu, shi ma ba iri ɗaya ba: wani kaurin haƙorinsa milimita 0.78, wani 0.75. Ido ba ya rarrabe su, amma in ka tura mai kauri a ƙaramin rami ka buɗa shi ke nan, daga ranar igiyarsa ta asali sai ta riƙa zamewa. Cikin masu haƙora biyun ma wani raminsa a lotse yake, wani a shafe, wani kuma ya ɗan tsiro waje sai igiya mai hula ta rufe shi, kamar yawancin na kamfanin KZ da suka cika hannun samari.

Ni da nake riƙe da abin kunne irin naka a nan, na yi oda daga wani mai sayarwa bisa hoto kawai. Ta iso cikin kwana uku, kyakkyawa, na soka, haƙoran suka tsaya rabi a waje, da na girgiza kai ta faɗo a cinyata. A nan ne na ga amfanin ƙasar. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, ga kuma garantin shekara 2 in kayan ya zo da aibu. Na maida ta kwalinta, na miƙa a wani ɗan kantin unguwa da ke karɓar saƙo, kuɗina suka dawo. Na tuna yadda za a kwashe a gida in ka koma da kayan da ka riga ka buɗe: rantse-rantse, a tara maka jama'a, ƙarshe a ce ka yi haƙuri.

Siririya ta gasken kuwa na riƙe ta a hannun wani abokin aikina mai kiɗan ganga. Linum ake ce mata, ta wani kamfanin Danmak, Estron, wanda asalin sana'arsa yin wayoyin na'urar taimaka wa kurame ji. Kaurinta bai kai milimita 1 ba. Wallahi kamar zaren da dukawa ke ɗinka jakar fata. Na sa na minti goma na manta akwai wani abu a wuyana, kuma ba ta kai ƙarar gogar riga zuwa kunne, wadda igiya mai tauri ke yi duk sanda ka motsa. Amma kafin ka ce ita kake so, ji sauran. Ya fiddo ta daga aljihu a cukurkuɗe, sai da ya zauna yana warwara kamar mai tsefe kitso. Ba ta da lanƙwasar da ke riƙe bayan kunne, nauyin da za ta kwanta da shi ma babu. Kuɗinta ya haura yuro 50, kuma yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, ka ga ana maganar sama da jika 32 kan igiya guda.

Akwai kuma batun sauti. Waya in ta sirance takan ƙara tare wutar da ke bi ta cikinta. Ga abin kunne mai lasifika ɗaya irin naka, ba za ka ji bambanci ba. Masu tsadar nan da ke da ƙananan lasifiku huɗu ko biyar a ciki su ne sautinsu kan ɗan sauya. Zancen masu talla kuwa, wai azurfa tana washe murya, zinariya tana sa ta taushi, ni dai kunnena bai ji ba a ɗaki shiru, balle kai da ke tsaye tsakanin kalangu da janareto.

Don haka tsaka-tsaki na ɗauko maka, guda biyu, su biyun ba su kai rabin kuɗin waccan ba. Silli huɗu ne a kitse, tsawon mita 1.2, masu laushi. Baƙaƙe na zaɓa da gangan. Koren da ka gani a taka jan ƙarfen ciki ne gumi ya taɓa, farar roba ce ta tona shi. Ba shi ya kashe sautin ba, muni kawai ya yi. Sandarewar kuma robar ce maiƙon jiki da zafi suka busar. Ka riƙa goge ta da ƙyalle bayan kowane aiki, musamman watan Afrilu da Mayu. Lanƙwasar bayan kunnen ta roba ce, babu ƙarfe a ciki, don mai ƙarfen tana takura wa mai tabarau, kuma nan take yawan karyewa. Akwai ɗan zoben da ake ja ya matse igiyoyin biyu: ka bi da ita ta ƙeya, ka ja zoben, ka zura saura cikin riga. Ɗaya kan da ake sokawa a na'ura na milimita 3.5 ne mai gwiwa, ba makirfo. Kada wani ya ruɗe ka da na 4.4 ko 2.5, ba su shiga akwatin karɓar sautin da kake ratayawa a ƙugu.

Tsohuwar kuma kada ka yar. Nan na nemi mai gyara ya like min kan igiya, mutumin ya dube ni kamar na zo da zancen aljanu, ya ce ladan aikinsa ya fi kuɗin sabuwa. Ku kuwa kowane lungu akwai yaro da dalma da ƙarfen liƙi a kan tebur. Tunda sai ka murɗa take kawowa, karayar tana dab da kai, ya yanke ya sake liƙawa. Ka dai gaya masa sillin cikin suna da fenti, sai ya ƙone shi da zafin dalma kafin su kama.

Mai kawo kayan zai tashi ranar Lahadi ta Yamai, daga can kusan kilomita 900 a mota kafin su iso ka. Kafin Asabar ka cire igiyar, ka ɗauki hoton ramin abin kunnenka da rana, kusa sosai, ka ajiye kwandalar dala ashirin ta sefa a gefe don in ga girman. In ba daidai ba ne, kwanakin mayarwata ba su ƙare ba.