Haƙarƙarin injin tsohuwar Honda ya lanƙwashe: a miƙe shi a sanyi ko a sa masa wuta?

Ƙanena da ya yi tambaya daga Agege, da farko Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka ce babur ɗinsa ne Honda CD 175, an ɗoro maka shi a babbar mota daga Kano, wajen saukewa ya kife. Uku daga cikin siraran faifan nan da ke kewaye da kan inji, waɗanda nake kira haƙarƙari, suka lanƙwashe, biyu sun ɗan karkace kawai, ɗaya kuwa har ya manne da na ƙasansa. Wani makaniki ya ce ka kawo ya miƙe maka da filaya nan take, wani kuma ya ce sai an gasa da wuta. Kana tambaya wanne ya fi.

Kafin mu je ga wanne ya fi, nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka ɗora a bakin haƙarƙarin. Idan ya kama, baƙin ƙarfen zubi ne, wanda 'yan gwangwan ke kira kas. Idan bai kama ba, alminiyam ne. A can gefen baki za ka gwada, kada ka kai shi kusa da ramin fistin, domin ko silindar alminiyam akan zura mata hannun riga na baƙin ƙarfe a ciki, sai ya ruɗe ka. Kan injin babur ɗinka alminiyam ne, amma ka gwada silindar da ke ƙasansa ita ma, saboda baburan wancan zamani sukan haɗa biyun. Triumph Bonneville da ta fito a 1959 kan injinta alminiyam ne, silindarta kas. BSA M20 ta sojan Ingila kas ce sama da ƙasa. Ƙananan Honda 50 da 70 su ma silindarsu kas ce. Honda ta yi CD 175 daga 1967 zuwa 1979, wato ƙarfen da ke hannunka ya haura shekara arba'in yana zafi yana hucewa. Ba a yi wa irin wannan ƙarfe garaje.

To, miƙewa a sanyi. Amfaninta a fili yake: ba a kwance komai, ba a kashe kuɗi, babu fargabar narkewa. Matsalarta ita ce ƙarfen zubi ba kamar kwanon rufi ba ne da za a lanƙwasa a mayar. Lokacin da babur ya faɗi, wurin da ya tanƙware ya riga ya ƙara tauri, sau da yawa ma ya yi ɗan tsagu da ido ba ya gani. In ka mayar da shi da ƙarfi, daidai wurin zai ɓalle. Ina yaron shago na taɓa zura sukundireba tsakanin haƙarƙari biyu na danna. Wanda nake son miƙewa bai motsa ba, na lafiyar da na jingina a kansa shi ne ya ce ƙas. Maigidana bai zage ni ba. Ya ɗauki guntun ya sa mini a aljihu, ya ce in ajiye. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Miƙewa da wuta kuwa tana sa alminiyam ya yi laushi ya bi hannu, kuma ita ce ke ceton haƙarƙarin da ya lanƙwashe sosai. Haɗarinta na daban ne. Baƙin ƙarfe yana yin ja kafin ya narke, yana ba ka gargaɗi. Alminiyam ba ya canza launi. Tsantsarsa yana narkewa a digiri 660, gaurayen da ake zuba inji da shi kuma ƙasa da haka, kana kallonsa fari sol sai kawai ka ga ya zube kamar kitse. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukunyar dalma ya san abin da nake faɗa. Sannan a cikin kan injin akwai mazaunin bawul da bututun da bawul ke bi, waɗanda da zafi aka cusa su tun a masana'anta. In aka gasa kan gaba ɗaya fiye da kima, sai su yi sako-sako, ko fuskar da ke zama a kan gaskit ta karkace. Ka je gyaran haƙarƙari ka dawo da injin da ke hura iska ta gefe.

Idan ka ajiye su gefe da gefe, ga yadda nake ganinsu. A sanyi, in ka yi kuskure, haƙarƙari ɗaya ka rasa. Da wuta, in aka yi kuskure, ana iya rasa kan inji sukutum. Amma a sanyi kuskuren ya fi saurin faruwa, kuma ko gwani ba shi da tabbas, alhali da wuta kusan duk haɗarin yana hannun mai riƙe da ita ne, in ya san aikinsa zai kauce masa. Saboda haka ga biyun nan da ka ce sun ɗan karkace kawai, iska na wucewa ta tsakaninsu, ni ba zan taɓa su ba ko kaɗan. Na ukun da ya manne da ɗan'uwansa shi ne ya cancanci aiki, kuma da wuta, ba a sanyi ba.

Na san maganar "bar su haka" ba za ta yi maka daɗi ba, tunda babur na gado ne kana son ya fito tsaf. Amma aikin haƙarƙari shi ne ya ƙara faɗin jikin da iska ke shafa. Wanda ya karkace kaɗan faɗinsa bai ragu ba, yana nan yana fitar da zafinsa. Abin da ke dafa inji a garin nan wani abu ne daban: tsayuwa a gosulo inji na aiki babu iskar da ke bugunsa, taɓon damina da ya bushe ya toshe tsakanin haƙarƙari, fenti mai kauri da masu sayarwa ke fesawa don ya yi ƙyalli, ƙarancin baƙin mai, kafireta da ke ba da iska fiye da kima fetur kuma kaɗan, da bawul da aka ɗaure babu rata. Buroshi da kananzir na rabin awa sun fi miƙe haƙarƙari biyu amfani ga sanyin injin nan.

In za a yi na ukun, ga yadda nake so ka ga ana yi, in ka ga saɓanin haka ka ɗauke kayanka. A cire tankin mai tukuna, mafi kyau ma a kwance kan injin a ɗora a tebur. A wanke shi tas. A duba tsagu: a shafa kananzir a gindin haƙarƙarin, a goge, a goga alli, a jira. In akwai tsagu, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya ja layi a kan allin. Ko a ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramin ƙarfe, lafiyayye yana ƙara rau, mai tsagu kuma muryarsa a dushe take. In ya tsage, maganar miƙewa ta ƙare, sai walda.

In lafiyarsa ƙalau, a goga sabulun wanki na sanda a wurin, a kunna wuta mai laushi, irin ta ƙaramar tukunyar gas, ana yawo da ita ba a tsayar da ita wuri ɗaya ba. Sabulu yana yin baƙi ne wajen digiri 400, wannan ita ce iyaka. Da ya fara yin ruwan ƙasa a janye. Sai a sa haƙarƙarin tsakanin falle biyu na ƙarfe mai faɗi a matse, don ƙarfin ya bazu maimakon haƙoran filaya su ciji wuri ɗaya, ko a sassaƙa katako mai tauri kamar bakin gatari a riƙa tura shi a hankali, bayan an cike ratar da ke bayan na lafiyar da wani katakon don kada shi ma ya bi. A ɗaga kaɗan, a tsaya, a sake ɗumamawa, domin alminiyam yana kwashe zafi ya watsa da sauri, kusan ninki uku na kas, kafin ka gyara riƙo wurin ya huce. Gefe ɗaya kawai ake tafiya. In an wuce, ba a dawowa, kai-da-kawo shi ke karya shi. Kuma da zarar rata ta buɗe iska na wucewa, a tsaya. Ƙoƙarin ƙarshe na cewa "bari ya yi daidai da sauran" shi ya fi cinye haƙarƙari.

Da a ce maganaɗisu ya kama, wato kas ne, da amsata ta fi gajarta. Kas ba ya lanƙwasa a sanyi sam, karyewa yake yi, shi ya sa ma da wuya ka ga haƙarƙarinsa a tanƙware, yawanci a guntule ake samunsa. Ana manna shi da sandar tagulla a wutar gas ko da sandar walda ta nikel, bayan an ɗumama silindar duka, sannan a binne ta a busasshen yashi ko toka ta huce a hankali. In aka watsa mata ruwa ta tsage.

Waldar alminiyam kuma ta argon za ka nema, ba ta kabaid ba, ba kuma mai ƙera ƙofa da taga ba. Fatar da ke saman alminiyam sai sama da digiri 2000 take narkewa, alhali naman da ke ƙarƙashinta ya daɗe da zama ruwa, ga tsohon zubi ya sha mai shekara da shekaru yana tofo datti cikin waldar. Iskar Legas mai gishiri ma ta kan bar masa farin gari a jiki, wanda sai an kankare. Gwani zai sa farantin jan ƙarfe a ƙasa ya gina haƙarƙarin a kansa, tunda alminiyam ba ya manne wa jan ƙarfe, sannan ya gyara siffar da magagari. Bayan walda a ɗora fuskar kan a kan gilashi mai kauri a tabbatar ba ta karkace ba. Gam irin su Araldite kuwa kwalliya ce kawai, ba ya ɗaukar zafi ya miƙa wa iska, kuma kusa da bakin salansa ba ya daɗewa.

Saura sayen wani kan inji. Za ka iya leƙa kasuwar Owode Onirin, can gaba da Mile 12 a hanyar Ikorodu, wani lokaci akan yi dace a cikin tsofaffin ƙarafa. Kasuwar Ladipo ta fi ƙarfi a kayan mota. Sai dai kan injin da ya kai waɗannan shekaru a juji, da wuya haƙarƙarinsa su fi naka lafiya, ga zaren fulogi da ka iya zama ya cinye, kuma a waɗannan injinan Honda wurin da sandar da ke buɗe bawul take juyawa yakan ci in an taɓa barin su babu mai. Naka ka san tarihinsa, na kasuwa ba ka sani ba. Ni wannan ce hanyar da zan bi a ƙarshe, in walda ta gagara.

Abu ɗaya kuma: duk inda za ka kai aikin, kwance kan injin, ka naɗe shi a tsumma ka sa a jaka ka hau danfo. Kada ka hau babur ɗin. Tun Satumban 2022 haramcin acaɓa ya haɗa da Mushin da Kosofe, inda kasuwannin nan biyu suke, kuma injinka bai kai 200cc ɗin da doka ta gindaya don hawa manyan tituna ba. Ranar kame ba kowane jami'i ne zai tsaya jin cewa na gado ne ba na haya ba. Ka turo hoton gindin na ukun nan bayan ka yi gwajin alli, in gani ko akwai layi.