Eko ko MRI: wanne ya dace da mai raunin zuciya?

Tun da muka yi jinyar baffana a nan Maradi, ƴan uwa ke tambayata: eko ya isa, ko sai an yi MRI?

Eko hoton zuciya ne, da amon sauti yake aiki. A shafa maka mai a ƙirji, a ɗora na'ura, cikin rabin awa likita ya ga yawan jinin da zuciya ke turawa. In ya gaza kashi 40 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, ƙarfinta ya ragu. Kuɗinsa da sauƙi, ba allura, ana maimaita shi ko ga mai ciki ko mai jego.

MRI kuwa, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, naman zuciyar yake dubawa. Da allurar gadoliniyam, sinadarin da ke haska hoton, tabon da ke jikin naman ke fitowa fari tas, kuma nan ne amfaninsa: mutum biyu da eko ya nuna rauninsu ɗaya, mai tabon ya fi fuskantar rikicewar bugun zuciya da mutuwar fuju'a. Amma da wahala. Kusan awa guda kana kwance cikin rami mai ƙara, ana ce maka riƙe numfashi. Baffa da ruwa ya taru masa a huhu, da matashin kai uku yake barci, ina zai iya? Mai ciwon ƙoda mai tsanani ko ƙarfe a jiki sai likita ya tantance. Ga tsada.

Mai neman sanin halin da yake ciki da bibiyar magani, eko ya wadatar. Wanda aka rasa dalilin ciwonsa, ko ake shawarar dasa masa na'urar daidaita bugu, shi MRI ya fi yi wa rana.