Retinoskof da otorefrakta wajen awon ido

Wanda ya je awon gilashi a Zariya, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a ƙananan asibitocin Sabon Gari, na'urori biyu ne ake iya auna shi da su. Otorefrakta ita ce wadda mutum yake ɗora haɓarsa a kai, ya zuba wa wani ɗan hoto ido, cikin daƙiƙoƙi ta fitar da lamba. Tana rage layi, amma tana da tsada, kuma sai da wuta.

Retinoskof kuwa 'yar fitilar hannu ce mai batir. Ma'aikaci yana zama kimanin santimita 67 daga majiyyaci a ɗaki mai duhu, ya haska ƙwayar ido, yana sauya gilasai har hasken da ke dawowa ya daina motsi, sannan ya cire diyofta 1.50 (diyofta ma'aunin ƙarfin gilashi ne) daga lambar da ya samu saboda tazarar. Aikin yana buƙatar ƙwarewa, amma ga ƙananan yara na fi amincewa da shi, domin tsokar cikin idonsu kan matse ta ruɗi na'ura, shi ya sa ake ɗiga musu maganin da ke sassauta ta tukuna. Ko wacce aka yi amfani da ita, sai an gwada wa babba gilasai ya karanta allo kafin a rubuta masa lamba.