Masu duba takardun neman digiri na biyu: yadda muka kwashe da su

Shekara shida na yi a ɗakin labarai na gidan rediyo kafin na yanke shawarar neman digiri na biyu a fannin sadarwa. Jami'o'in da na zaɓa sun nemi takardar bayanin manufa, da samfurin rubutu na ilimi, da wasiƙun shaida uku, da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL. Takardar manufar ce ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na kai ta wurin wani kamfani na intanet mai duba irin waɗannan takardu.

Tsarinsu ba shi da wuya. Ka tura rubutunka, su haɗa ka da mutum ɗaya, ya duba sau biyu, sannan ku gana ta bidiyo. Ni wata malama aka ba ni, kuma gaskiya ta san aikinta. Ba ta taɓa mini jimla ko ɗaya ba a karon farko, tambayoyi kawai ta jera a gefen shafi. Na buɗe takardar da cewa tun ina yaro nake son rediyo, sai ta tambaye ni me wannan zai gaya wa farfesan da ke neman ɗalibin bincike. Na rubuta cewa ina sha'awar tasirin kafafen yaɗa labarai. Ta ce wane tasiri, a kan wa?

Kwana uku ina juya tambayar nan. Can na tuna abin da ke damuna a wurin aiki: jita-jita za ta taso a WhatsApp da daddare, da safe sai ka ga ita ce editoci ke tattaunawa. Nazarin masana sadarwa McCombs da Shaw na 1972 ya nuna cewa batutuwan da kafafen labarai suka fi ba muhimmanci su ne jama'a ke ɗauka da muhimmanci. Ni kuma ina son in san abin da ke faruwa idan wayoyin jama'a ne ke tsara wa gidan rediyo abin da zai fara da shi. Wannan ya zama sakin layi na farko. Malamar ce kuma ta sa na karanta ayyukan malaman kowane sashe, na ambaci biyu da bincikensu ya dace da nawa, maimakon in tura takarda iri ɗaya ko'ina.

Inda kamfanin ya gaza shi ne samfurin rubutu, wanda shi ma na tura musu. Wanda ya duba shi nahawu kawai ya gyara, bai lura na cakuɗa tsarin kawo madogara da ake kira APA da wani tsarin daban ba. Wani tsohon malamina ne ya gano haka. Ya kamata a ce kamfanin da ke karɓar aikin masu neman fannin sadarwa ya san tsarin da aka fi amfani da shi a fannin. Amsarsu ma ta yi jinkiri a watan Disamba, lokacin da wa'adin jami'o'i da yawa ke cika.

Idan takardar manufa ce matsalarka, zan ce ka je wurinsu, amma ka tura da wuri, kamar wata biyu kafin wa'adi. Samfurin rubutu kuwa, ka kai wa malamin da ya koyar da kai hanyoyin bincike, ka haɗa da roƙon wasiƙar shaidarka a lokaci guda.