Wace manhaja za a ɗauka idan kotu ta ce a miƙa takardun kwamfuta?

Duk kamfanin da shari'a ta kai shi Landan ko Amurka, ko wata hukuma ta buɗe masa bincike, zai ji umarni ɗaya: a fito da imel, fayiloli da saƙonnin waya da suka shafi rigimar. Amurka ta sanya bayanan kwamfuta a dokokin shari'arta na tarayya tun 2006, kotunan kasuwanci na Ingila kuwa suna bin ƙa'idar miƙa takardu ta PD 57AD tun Oktoban 2022. Abin bai yi nisa da mu ba. A shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID, wadda Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke a Landan a Oktoban 2023, takardun da aka tono sun taka babbar rawa wajen rushe hukuncin da ya ce Najeriya ta biya kamfanin sama da dala biliyan 11.

Idan takardun suna da yawa, manhajar Relativity ce zaɓin da ya fi kwantar da hankali. Tana ba kowane fayil lambar tantancewa, irin MD5 ko SHA-1, don haka imel ɗaya da ke akwatin mutum goma sau ɗaya za a karanta shi. Tana haɗa saƙo da amsoshinsa a zare guda, lauya ya duba na ƙarshe mai ɗauke da sauran. Sannan tana koyo daga hannun mai bita: ana yi wa takardu alamar "ya shafi shari'a" ko "bai shafa ba", ita kuma tana turo masu kama da na farko gaba. Kotuna sun amince da wannan hanya tun shari'ar Da Silva Moore a 2012 a Amurka, da ta Pyrrho a 2016 a Ingila. Babban abin da ya sa ta yi fice shi ne kamfanoni da yawa suna aiki da ita, masu bita ma sun saba da ita. In kun raba gari da mai yi muku hidima, kuna iya kwashe aikinku zuwa wani. Tana da tsada, kuma sai da gwani a kanta.

Everlaw tana da sauƙin koyo, ba laifi. Logikcull ta ƙaramar shari'a ce. Microsoft Purview da Google Vault suna hana gogewa kuma suna tattarawa, amma a cikin manhajojin kamfanoninsu kaɗai. Ba sa ganin WhatsApp ɗin da ke wayar manaja.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen farashi. A ce maka kaza a kowane gigabait, kai kana lissafi da girman fayil ɗin PST (kundin imel) ko ZIP (fayil da aka matse) da ka miƙa, su kuma suna lissafi bayan an warware shi ya kumbura. Tambayi wanne ake nufi, kuma a rubuta. Tambayi kuɗin ajiya na wata-wata, domin shari'a tana shekaru. Tambayi kuɗin fita: nawa za a caje ka ranar da ka ce a ba ka kayanka, kuma za su zo da fayil ɗin DAT da OPT, wato waɗanda ake loda takardun da su a wata manhaja, da alamomin da lauyoyinka suka yi?

A guji mai cewa shi ƙwararre ne amma yana jan fayiloli zuwa filashi da hannu. Hakan yana iya canza ranakun da ke jikin fayil, abokin shari'a kuma nan zai fara kamawa. Hoton allon waya ma ba tattarawa ba ne. Nemi takardar da ke nuna wanda ya ɗauki na'ura, yaushe, da lambar tantancewa kafin kwafi da bayansa. A Najeriya ma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar shaida kan kwamfutar da ta fitar da bayanin.

Sai rufe sirri da baƙin layi. A Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, suka shigar da takarda da baƙaƙen layuka, 'yan jarida suka kwafe rubutun da ke ƙasa suka karanta. Kafin sa hannu a kwangila, sa masu hidimar su rufe layi ɗaya a gabanka, su fitar da takardar, ka kwafe wurin ka liƙa a shafi fari ka ga ko wani abu zai fito.