Kabinet ɗin bango mai fanka biyu: ra'ayina bayan na yi amfani da shi

Na sayi kabinet ɗin bango, wato akwatin ƙarfe da ake adana na'urorin haɗa kwamfutoci a ciki, mai girman 9U (U ma'aunin tsayin cikinsa ne), saboda ɗakin kwamfutocin makarantarmu a Kano, inda ɗalibai ke atisayen jarrabawar JAMB. Ƙarfensa da kauri, ƙofar gaba gilashi ce mai makulli, ana iya cire gefunansa, kuma akwai fanka biyu a samansa masu fitar da iska. Faɗin cikinsa inci 19 ne kamar yadda aka saba, don haka suwici biyu (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) masu ramuka 24 da rauta (mai haɗa su da intanet) duk sun zauna daram. Ya ga hunturu, ya ga bazara, ya ga damina, shi ya sa nake ganin zan iya faɗin abin da na sani a kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsaro. Ɓera ba ya kai wa wayoyi, ƙadangare da zanzaro ba su samun wurin shiga idan aka toshe ramin da wayoyi ke bi, yara kuma sun daina zare wayar wuta don su yi cajin wayar hannu. Ko wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Amma mai saye ya sani, kabinet ba ya sanyaya komai. Fankokin iskar ɗakin suke ja su ratsa ta kayan su fitar, idan ɗakin da zafi to zafi suke zagayawa da shi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana, daidai lokacin da ɗakinmu ya fi cika da ɗalibai, alhali yawancin ƙananan suwici na ofis iyakar zafin da aka rubuta musu digiri 40 zuwa 45 ne. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ma digiri 18 zuwa 27 take ba da shawara ga ɗakunan irin waɗannan na'urori. Na rataya ƙaramin ma'aunin zafi a ciki, kullum kuma cikin kabinet ɗin ya fi ɗakin zafi. A nan na yaba wa injiniyan da ya kafa mana shi. Ya ƙi bangon yamma da rana ke duka tun daga azahar, ya ƙi ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, ya zaɓi bangon ciki a ƙasan rufin kankare, ya kuma bar tazara tsakanin saman kabinet ɗin da silin don iska ta samu mafita. Duk da haka, a bazara sai mun kunna na'urar sanyaya ɗaki kafin a samu natsuwa.

Ƙura ce inda ya gaza. Ramukan shigar iska ba su da matata ko ɗaya, ga fankoki suna ja ba dare ba rana. Da hunturu ya kama, ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama ta lulluɓe kayan, kuma ita ce ke toshe ramukan suwici ta riƙe zafi a ciki. Na yanka siririn soso na lika a ramukan ƙasa, ina wanke shi duk mako, ina kuma hure kayan da bulowa bayan an kashe su. Ɗaya daga fankokin ta fara gurnani bayan hunturu, sai da na sauya ta. Abu ne da kamfanin zai iya gyarawa da kuɗi kaɗan, bai kamata a bar wa mai saye ba.

Game da damina, akwai ƙusar haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa a jikinsa, amma babu wayar a cikin kwali. Mun sa mai gyaran lantarki ya haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka binne, a gefen da ƙasa ke riƙe danshi, domin busasshiyar ƙasa ba ta kwashe wuta sosai. Tsakanin gininmu da ofishin shugaba kuma wayar faiba muka ja, tunda ita gilashi ce, tsawa ba ta bi ta cikinta. A duba rufi da kyau kafin a kafa, saboda ramukan fanka a sama suke, yoyo kaɗan zai sauka kai tsaye kan kayan.

UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ba ta shiga ciki ba, nauyinta ya fi ƙarfin abin da ke rataye a bango. Hakan ma ya fi, domin batirin dalma da ke cikinta a digiri 25 ake ƙiyasta tsawon rayuwarsa, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage shi da rabi. Mun ɗora ta a kan ɗan benci, nesa da taga.

Zan sake sayen irinsa, amma mai zurfin milimita 600. Namu 450 ne, kuma da zarar an soka wayoyin wuta a baya sai wurin ya matse, iska ta rasa hanyar wucewa.