Wasiƙa Daga Perugia: Karatun Italiyanci da Abin da Kuɗin Ɗalibi Ke Saya

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina roƙon a isar da gaisuwata ga Hajiya da yaran rumfa. Kun umarce ni da in rubuto muku bayani dalla-dalla game da karatun nan da yadda zaman yake, kafin ku yanke shawarar ko Auta zai biyo bayana baɗi. Yau wata bakwai ke nan da saukata a birnin Perugia na ƙasar Italiya, kuma ina ganin na ga abin da zai ishe ni in faɗa muku gaskiyar lamarin: kuɗin makaranta shi ne mafi sauƙi a cikin hidimar, abin da ke cin aljihu da haƙuri yana wajen aji.

Makarantar da nake sunanta Università per Stranieri di Perugia, wato jami'ar baƙi, wadda aka fara koyarwa a cikinta a 1921 domin 'yan ƙasashen waje masu son harshen Italiya da al'adunta. Babban gininta wata tsohuwar fada ce da ake kira Palazzo Gallenga, daura da wata ƙofar ganuwa ta dutse da ta haura shekara dubu biyu a tsaye, wadda duk lokacin da na ratsa ta nakan tuna ƙofofin Kano da yadda muka bar ganuwarmu tana zaizayewa. Ranar farko ana yi wa ɗalibi gwaji a ajiye shi a matakin da ya dace da shi, daga A1 na ɗan koyo har zuwa C2 na wanda ya ƙware. Jami'ar ce ke ba da takardar shaidar iya harshen Italiya mai suna CELI, takwararta ta birnin Siena kuma tana ba da CILS, kuma dukkansu hukuma ta amince da su. Wanda ke son shiga digirin da ake koyarwa da Italiyanci galibi B2 ake nema a wurinsa. Ni daga A1 na fara, yanzu ina B1.

Abin da ya fi burge ni shi ne malami ba ya juyawa zuwa Turanci ko da ɗalibi ya rikice, sai dai ya maimaita da hannu da zane har a gane, kuma ajin bai cika yawan da malami zai kasa sanin sunan kowa ba. A zaman da na yi a jami'a a gida, sau da yawa daga bakin taga muke sauraron lacca. Akwai kuma darussan tarihi da zane-zane da adabi, inda akan fita da mu tsakiyar gari a tsaya gaban maɓuɓɓugar Fontana Maggiore, wadda aka kammala a 1278, a yi darasin a nan.

Bahaushe yana da rabo a wannan harshe fiye da yadda na zata. Italiyanci yana raba namiji da mace a kowane suna kamar yadda muke yi, kuma yana bambanta baƙi guda da baƙi mai ruɓi, abin da ke wahalar da Amurkawa da Sinawan ajinmu. Wanda ya san bambancin daba da dabba ba zai rikita nono, wato na tara, da nonno, wato kaka namiji, ba. Inda muke tuntuɓe shi ne tsakanin p da f, domin a bakinmu sukan zama abu ɗaya, alhali a nan pare da fare kalmomi biyu ne daban, kuma na yi wata biyu kafin sunan garin da kansa ya daidaita a harshena. Haka kuma suna da kalmar Lei da ake girmama babba ko baƙo da ita, kamar yadda nake ce muku ku, kuma wanda ya yi amfani da ita a ofis yakan ga fuskar ma'aikaci ta sake.

Maganar takardu ita ce ta fi buƙatar a shirya mata tun daga gida. Doka ta ce cikin kwana 8 na aiki da shigowa dole mutum ya nemi izinin zama, wanda suke kira permesso di soggiorno. A gidan waya ake karɓar ambulan ɗin takardun a cike a mayar, tare da kan sarki na yuro 16 da ake saya a shagon taba, sannan a ba mutum ranar zuwa ɗaukar hoton yatsu. Akwai kuma lambar haraji, codice fiscale, wadda in babu ita ba a yin yarjejeniyar haya, ba a buɗe asusun banki. Ban ga wanda ya nemi na goro a wurina ba ko sau ɗaya, kuma wannan abin yabo ne. Amma kada a ɗauka cewa komai a nan da sauri yake tafiya, domin na yi watanni ina yawo da rasit a aljihu kafin katin ya fito, kuma babu wani ɗan uwa ko aboki da za a kira ya sa baki. A gida sanayya ke gajarta layi, a nan kuwa sai cikar takarda da iya bayani da harshensu.

Ɗaki guda nake haya a gidan da muke mu huɗu, muna tarayya a kicin da banɗaki, ina biyan yuro 280 a wata, bayan kuɗin ajiya na wata biyu da aka karɓa tun farko. Kafin in same shi, masu gida biyu sun ce an riga an kama ɗakin da zarar sun gan ni, abin da ya sosa mini rai ƙwarai, ko da yake dattijuwar da ta karɓe ni daga baya ta riƙe ni da mutunci. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo kuma ana shansa kai tsaye, don haka babu kuɗin janareta, babu na mai ruwa. Sai dai yawancin gidaje kilowat 3 kawai aka ba su, in aka kunna tanda da injin wanki lokaci guda sai mita ta yanke. Abin da ya maye gurbin kuɗin fetur shi ne kuɗin gas na ɗumama gida, wanda a watan Janairu ya kusa kai rabin hayar, domin garin a kan tsauni yake kuma iskarsa ta fi ta hunturun Kano kaifi nesa ba kusa ba. Shara ma sai an rarraba ta, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, kowace da ranar kwasarta.

A kasuwa babu ciniki, babu gyara, babu bashi. Farashi a rubuce yake, mutum ya auna tumatirinsa da kansa, ya biya har kuɗin leda, a ba shi rasit ko da kofi ɗaya ya sha. Taliya, wadda tun muna yara ake ce mana daga sunan ƙasar nan ta samo nata sunan, ita da tumatirin gwangwani da madara da man zaitun su ne masu araha a manyan kantuna irin su Coop da Conad da Lidl. Doya da kuɓewa da attarugu kuwa sai a shagunan baƙi da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma doya guda takan ci kuɗin taliyar mako. A can ne mahautan halal suke. Wannan yanki na Umbria ya shahara da sarrafa naman alade, musamman garin Norcia, saboda haka kalmomin da na fara haddacewa su ne maiale da strutto, wato alade da kitsensa, domin kitsen yakan shiga har cikin kayan fulawa. Burodin garin ba shi da gishiri, kuma mutanen nan suna danganta hakan da tawayen da kakanninsu suka yi wa Fafaroma a 1540 kan harajin gishiri. Kantin ɗalibai yana ba da abincin rana cikakke a farashi mai rahusa, kuma shi ne ya riƙe ni.

Game da lafiya, ɗalibi baƙo yana iya shiga tsarin gwamnati da yuro 700 a shekara, a ba shi likitansa na kansa wanda zai gani ba tare da ƙarin biya ba. Ku lura cewa kuɗin yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba ko da a Oktoba aka biya. Kantin magani ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, saɓanin kemis ɗin unguwarmu. Jirgin ƙasa zuwa birnin Rum kusan awa biyu da rabi ne, kuma ko yajin aiki za a yi sai an sanar da ranarsa tukuna.

Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki awa 20 a mako, amma ba na so a ɗora lissafin Auta a kan wannan, domin garin ƙarami ne, ɗalibai sun yi yawa, kuma ba a ɗaukar wanda bai iya magana ba. A tanadar masa kuɗin shekara cif kafin ya taso.

Ra'ayina shi ne a turo shi, saboda dalilin da ya sa kuka turo ni, wato cinikin fatarmu da masu masana'antun ƙasar nan. A watan jiya na je Santa Croce sull'Arno a yankin Toskana, ɗaya daga cikin cibiyoyin jima na ƙasar, na zauna da wani mai masana'anta da ya san fatar akuyar Kano da Sakkwato sarai. Ya nuna mini tabon wuƙa da ramukan ƙwari da ke sa a rage wa fata daraja, na kuma fahimci bayaninsa ba tare da tafinta ba, alhali shekara da shekaru dillali ne ke tsakaninku da shi. Ina so in kai B2 kafin in je Solofra, inda aka fi aikin fatar tumaki da awaki. In Auta zai zo, ya fara koyon gaisuwa da ƙidaya tun yanzu, ya zo da kuka da daddawa da yaji a ƙulle da kyau, amma kada Hajiya ta sako masa kilishi, domin an hana shigo da nama kuma a filin jirgi za a karɓe shi.

Wassalam, ɗanku.